Yadin da Na Kai wa Sabo

Da sunan Allah nake farawa. A shekarar da aka hana alhazan ƙasashen waje zuwa aikin Hajji karo na biyu a jere saboda annobar korona, bayan Babbar Sallah da 'yan watanni, na yi wata tafiya daga Kuala Lumpur zuwa tsibiran Maldibs. Wani ɗan'uwa a Zariya ya ji cewa har jirgin sama mai sauka a kan ruwa na hau, sai labari ya bazu a unguwa cewa Malam Isiyaku ya je shan iska inda masu kuɗi ke zuwa. Tunda an fara ba da labarin da bakin wani, gara in zauna in ba da shi da nawa. Da ajami na fara rubuta shi, don da shi hannuna ya saba tun ina yaro, daga baya na mayar da shi boko saboda masu karatu.

Wanda na je dominsa sunansa Sabo, Bakano ne, malamin lissafi. Tare muka zo Malesiya karatun digiri na uku, bene ɗaya muka zauna a unguwar Taman Melati, yana sama ina ƙasa. Tun ranar da ya ji daga Zariya nake bai ƙara kirana da sunana ba, sai Bazazzage. Shekara huɗu kafin wannan tafiya matata Rakiya ta rasu a nan Kuala Lumpur. A ranar ban san inda kaina yake ba. Matar Sabo, Hajara, ita ta yi mata wanka tare da matan masallaci. Sabo ya bi takardu, ya je kasuwa ya yanko likkafani, kuma da aka kai ta makwancinta ya sauka cikin kabarin tare da ni ya riƙe ni. Da muka dawo gida na ce masa, "Sabo, wannan bashi ne a kaina."

Ya ce, "To, ka biya ni da irinsa. Amma na san halin Bazazzage, sai an gama binne ni za ka iso kana gyara rawani."

Wannan ita ce dariyar farko da na yi bayan rasuwarta.

Da hukumar da ta turo shi karatu ta daina aiko da alawus, Sabo ya samu aikin koyarwa a wata makaranta a wani ƙaramin tsibiri na Maldibs. Ya bar Hajara da yara biyu a Taman Melati don ita ma karatu take yi, da niyyar ya riƙa zuwa duk hutu. Bai daɗe da tafiya ba aka rufe iyakoki. Can kuma ciwon hanta ya kama shi.

Kun san halinmu. Mutum ko numfashi yake ja da ƙyar, in ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce. Wanda ya je dubiya shi ma in ya fito aka tambaye shi, haka zai faɗa. Muna ganin faɗin tsananin ciwo kamar rashin godiya ne ga Allah, kuma kamar yi wa mara lafiya mugun fata ne. Wata da watanni Sabo yana ce wa matarsa da sauƙi, yana ce wa likitan tsibirin da sauƙi, har lokacin da ya kamata a kai shi babban asibiti ya wuce. Sai wata Juma'a ya kira ni.

"Bazazzage, in an buɗe muku hanya ka zo ka gan ni. In za ka zo, ka biya ta kantin nan ka yanko min irin wanda na yanko maka."

Na ce, "Ya jikin?"

Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Jalan Tuanku Abdul Rahman

Samun izinin fita da na dawowa ya ci mini kusan mako uku. Ana gobe zan tashi, bayan na je an zura mini tsinken gwajin korona a hanci, na wuce Jalan Tuanku Abdul Rahman, tsohon titin 'yan yadi. Rabin kantunan a rufe, waɗanda ke buɗe kuma sai ka nuna shaidar rigakafi a waya kafin ka shiga. Kantin da Sabo ya saba zuwa yana nan, na wani dattijo Musulmi ɗan asalin Indiya. Na ce farin alawayyo nake so, wanda zai isa namiji dogo. Bai tambaye ni na mene ne ba. Ya warware bandir ya fara awo, yana yi yana ambaton Allah a hankali. Da ya zo yankawa ya ɗago.

"Yaushe ya rasu?"

Na ce, "Yana nan da ransa."

Ya dube ni ta saman takunkumi, ya ajiye almakashi, sannan ya sake ɗauka. Ya naɗe yadin ya sa a ledar kantinsa, ya haɗa mini da ɗan kafur bai karɓi kuɗinsa ba.

Daga tashar jirgin ƙasa ta Taman Melati na hau sama wajen Hajara don in karɓi saƙo, ledar tana hannuna. Ta tsaya daga bakin ƙofa. Ta haɗa masa yaji da dambun nama da garin kunu, ta ce ya daɗe yana kukan abincin can babu komai sai kifi. Ƙaramar 'yarsu, Walida, ta leƙo ta ce mini da Turanci in gaya wa babanta haƙorinta ya fita.

Na ce, "Maman Walida, me zan ce masa?"

Ta kalli ledar sau ɗaya, ta ɗauke kai. Ta ce, "Malam, ka ce masa muna lafiya. Shi ma ai ya ce da sauƙi."

Na ce, "Haka ya ce mini."

Daga Taman Melati zuwa Male

Tun kafin kiran Asuba na fito. Direban da na kira ta waya wani dattijo ne ɗan Malesiya. Da ya ji filin jirgin sama zan je, ya ce rabon da ya kai mutum can har ya manta hanya. Ya tambayi inda na nufa, na faɗa masa, ya yi dariya ya ce, "Wah, amarci ke nan, ina amaryar?" Na ce dubiya zan je. Ya ce Allah Ya ba da lafiya, ya ci gaba da tuƙi har muka isa Sepang, inda filin jirgin yake.

Filin jirgin da na sani da cunkoso ya zama kamar kasuwar da aka tashi. An ɗaure kujeru da igiya, ɗaya a zauna ɗaya a bari. Na yi sallar Asuba a masallacin ciki ni da wani ma'aikacin shara, mu biyu kawai, da tazara a tsakaninmu. Sau uku aka duba takardar gwajina kafin in shiga jirgi. Muka sauka a Kolombo ta ƙasar Sirilanka, muka jira, muka canza wani jirgin. A nan na fara ganin abokan tafiyata: Turawa da Indiyawa masu hali, yawancinsu mata da miji, takunkumi a ƙarƙashin haɓa, gajeren wando tun daga jirgi. Annoba ta rufe masallatai da makarantu, ta raba uba da 'ya'yansa, amma ga hanyar shaƙatawa a buɗe.

Agogon Maldibs yana bayan na Malesiya da awa uku. Wajen ƙarfe biyu na rana a nasu lokacin muka sauka a Male, babban birnin ƙasar, a filin jirgin da shi kansa tsibiri ne, titin jirgi kawai da ruwa hagu da dama.

Tashar jiragen ruwa masu fukafukai

Ƙasar nan ba ƙasa ɗaya ba ce a dunƙule. Tsibirai ne ɗaruruwa a warwatse cikin teku, wani ma ba zai kai girman unguwa ɗaya ta Zariya ba. Zuwa tsibirin Sabo ta jirgin ruwan haya sai an kwana a hanya, kuma a lokacin ba kullum yake tashi ba. Shi ya sa hedimastan makarantarsu ya nema mini gurbi a jirgin sama mai sauka a ruwa, wanda ke kai baƙi otal-otal na tsibiran da ke kusa da su, daga nan kwale-kwale ya ƙarasa da ni. Gurbin na washegari ne da safe, amma ya ce in na iso da wuri in gwada sa'a.

Wata bas ta kai mu tashar. Jiragen suna ɗaure a bakin gadar katako kamar kwale-kwalen masunta, kowanne da farfela biyu, a ƙarƙashinsa kuma maimakon taya wasu dogayen ƙarafa ne biyu masu kama da kwale-kwale. Komai sai an auna, har jakar hannu. Na aza jakata a sikeli, yadin Sabo yana ciki a ƙarƙashin yaji da dambun nama.

Mai ba da tikiti wata mata ce mai lulluɓi, ba yarinya ba. Ta duba na'urarta ta ce jirgin ƙarshe da zai bi ta wajen yana tashi nan da rabin awa, kuma ya cika. Ta ce jiragen nan ba sa tashi bayan faɗuwar rana, don matuƙi da ido yake ganin ruwan da zai sauka. Sai ta ga takardar hedimasta, ta karanta, ta rage murya.

"Mara lafiya za ka gani?"

Na ce e.

Ta ce, "Akwai kujera ɗaya ta wani ma'aikacin otal da zai koma bakin aiki. In akwai larura ina da ikon in mayar da shi gobe in sa ka. Amma sai in larura ce. Ka gaya mini gaskiya, mutuwa yake yi?"

Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa yi mini irin wannan tambaya a kan mutum mai rai ba. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce ta ba ni minti ɗaya, na koma gefe na kira Sabo. Ya daɗe bai ɗauka ba. Da ya ɗauka muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"Ka iso, Bazazzage?"

"Na iso Male. Sun ce in jikin ya yi tsanani za su sauke wani su sa ni yanzu. Ya jikin?"

"A sauke wani bawan Allah saboda ni? Da sauƙi. Kada ka tayar wa mutane hankali, ka zo gobe. Ka zo da yajin?"

"Na zo da shi."

"Da ɗayan?"

"Da shi."

"To madalla. Ashe Zagezagi ma suna jin aike."

Na koma wajen matar. Tana jirana, hannunta a kan na'ura. Likkafanin Sabo yana cikin jakar da ke gabanta, ni na saya da hannuna. Kalma ɗaya kawai take nema daga gare ni. Amma bakina ya ƙi ya furta cewa Sabo mutuwa yake yi, alhali yanzu na gama jin yana tsokanata. Wane ne ni da zan yanke wa mutum kwana? Na ce mata, "Yana samun sauƙi. Rai a hannun Allah yake."

Ta dube ni kamar tana so in ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Gobe ka zo da sassafe."

Ina tsaye a bayan gilashi na ga jirgin ya ja baya daga gada, ya yi gudu a kan ruwa yana feshi, ya ɗaga. Ma'aikacin otal ɗin ma na gan shi, wani saurayi da jakar goyo, yana ta danna waya.

Na kwana a wani ƙaramin masauki a tsibirin da ke haɗe da filin jirgi. Aka kawo mini kifi dakakke da kwakwa da albasa, da wata gurasa mai laushi, da baƙin shayi. Na ci kaɗan.

Daga tsibiri zuwa tsibiri

Na idar da Asuba ke nan waya ta yi ƙara. Hedimasta ne. Da jin sallamarsa na gane. Ya ce Malam Sabo ya cika tun kafin kiran sallah, ladanin masallacinsu na gefensa. Ya ce likita da 'yan sanda sun gama nasu, an kira matarsa ta ba da izini a binne shi a can. Ya ce tsibirin babu ɗakin sanyi, amma za su jira ni har a yi Azahar, tunda jirgina na safe ne.

Na yi salati na ɗauki jaka. Kafin in isa tasha sama ta haɗe, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, iska tana kaɗa jiragen a inda suke ɗaure. Aka ce babu tashi sai ya ɗauke. Matar jiya tana nan a wurinta. Ta hango ni ta ce, "Ya mai jiki?" Na ce ya rasu. Ta ɗora hannu a baki, ta ce inna lillahi, ba ta ce komai game da jiya ba. Da ta faɗa mini baƙar magana da ya fi mini sauƙi. Ta kira duk inda za ta kira, amma hadari ba ya jin waya.

Sai da rana ta take tsaka aka kira mu. Mu goma sha wani abu ne a ciki, gwiwa na taɓa gwiwa, kaya a tare a baya cikin raga. Babu ƙofa tsakaninmu da matuƙa, su biyu, kuma dukansu babu takalmi, da tafin ƙafa suke taka abin tuƙi. Aka raba mana abin toshe kunne. Zafi kamar gidan burodi, ga warin mai. Da injin ya ɗauka jirgin ya riƙa dukan igiyar ruwa kamar mota a kan gargada, can sai dukan ya tsaya, muka tsinci kanmu a sama.

Ba zan ɓoye ni'imar Allah ba don ina cikin baƙin ciki. Abin da na gani ta taga ban taɓa ganin irinsa ba. Tsibirai kamar an watsa tsakiyoyi a kan shuɗin zane, kowanne da zoben farin rairayi, a bayansa ruwa kore shar, a bayan wannan kuma shuɗi mai duhu. Amma matar da ke gabana tana ta ɗaukar hoto tana ihu, ni kuwa agogo nake kallo, ina jin haushin kyan wurin.

Bayan kamar minti arba'in muka sauka a tsibiri na farko. Jirgin ya faɗa ruwa da ƙarfi, taga ta rufe da feshi, sannan ya lallaɓa zuwa wani dandamalin katako da ke yawo a tsakiyar ruwa. Ma'aikacin jirgi ya yi tsalle da igiya ya ɗaure. Kwale-kwalen otal ya zo da masu kiɗan ganga da tawul mai sanyi da ruwan kwakwa. Baƙi shida suka sauka, sai aka rasa jakar wata mata, aka sauke kaya duka ana nema. Aka ce mu fito mu sha iska. Ina tsaye a kan katakon yana lilo da ni, waya ta kama, kiran hedimasta ya shigo.

Ya ce, "Malam, mun yi Azahar. An yi masa wanka tun safe. Mutane suna tsaye a rana. Kana ina?"

Na tambayi ma'aikacin jirgi, ya ce saura tsibiri ɗaya kafin nawa, sannan kwale-kwale, awa biyu in babu matsala. Na faɗa wa hedimasta. Ya ce in na ce a jira za su jira.

Ni na karantar da yara babin jana'iza a zaure. Na san haƙƙin mamaci a gaggauta kai shi. Na san zafin da nake ji a kan katakon nan shi ne yake dukan gawar. In na ce a jira, don kaina na ce, ba don Sabo ba.

Na ce, "Ku yi masa sallah ku kai shi. Kada ku riƙe shi saboda ni."

A daidai lokacin aka ga jakar matar, 'yan ganga suka ƙara kiɗa.

Muka sake tashi, minti goma sha biyar muka sauka a tsibiri na biyu, aka sake kiɗa da ruwan kwakwa. Daga nan saura ni kaɗai da wasu buhunan kayan miya. A dandamali na uku aka ajiye ni, jirgin ya juya ya tafi. Wani masunci da hedimasta ya turo yana jirana da kwale-kwale mai inji. Ba ya jin Turanci, ba na jin yarensu. Ya karɓi jakata ya rungume ta don kada ta jiƙe.

Tsibirin Sabo

Tun daga nesa na hango hasumiyar masallaci a tsakiyar itatuwan kwakwa. Da muka matso sai na ga maza suna fitowa daga wata hanya a jere, wasu da shebur, farin rairayi a ƙafafunsu har ƙauri. Ban tambayi daga ina suke ba. Na tuna maganar Sabo ta gyara rawani, na kai hannu kaina na ji hulata ta karkace, na bar ta a haka.

Hedimasta ya tare ni a bakin gaɓa, ya kai ni maƙabarta a bayan masallaci. Kabarin ko bushewa bai yi ba. Na tsaya na yi masa addu'a iya abin da Allah Ya sawwaƙe, na gaya masa iyalinsa suna lafiya, haƙorin Walida ya fita. An kafa ɗan allo a wajen kai ba a rubuta komai ba tukuna, don ba su tabbatar da sunan mahaifinsa ba. Na karɓi alƙalami na rubuta da ajami, yadda ake rubutawa a gida.

Wani tsoho siriri yana tsaye a gefe tun zuwana. Hedimasta ya ce shi ne ladan, sunansa Ibrahim, shi ya yi jinyar Sabo a makonnin ƙarshe, shi ya yi masa wanka, shi ya sauka kabari. Yana jin Larabci kaɗan, ni ma haka, da shi muka lallaɓa. Ya ja ni gidansa ya zaunar da ni a wata kujerar raga a ƙarƙashin itace. Na buɗe jaka na fito da yaji da dambun nama da garin kunu na ba shi, tunda mai su ya tafi. Ledar kanti ta biyo hannuna, farin yadin ya leƙo. Tsohon ya kai hannu ya taɓa.

Ya ce, "Nasa ne?"

Na ce, "Nasa ne. Shi ya aike ni."

Sai a lokacin tambayar ta zo mini. Na ce, "Da me kuka rufe shi?"

Hedimasta ne ya amsa. Ya ce saboda annoba jirgin kaya ya daɗe bai kawo yadi ba, na masallaci ya ƙare. Ladan yana da likkafaninsa da ya sayo a Makka shekarar da ya yi Hajji, ya jiƙa da zamzam, yana ajiye a akwati yana jiran ranarsa. Shi ya ɗauko da safe.

Na ɗauki yadin da kafur na ɗora a cinyar tsohon. Ya ture, ya ce shi ba rance ya bayar ba. Na ce, "Ya Shaihu, na sani. Amma mutumin nan ya taɓa yanko wa matata irin wannan, ya sauka kabarinta tare da ni, ya ce in biya shi da irinsa. Saukar kabari kam ka riga ni. In ka mayar mini da wannan ma, da me zan je masa?" Larabcina ya ƙare a hanya, hedimasta ya ƙarasa masa da yarensu.

Tsohon ya daɗe yana kallon yadin. Sannan ya warware gefe ɗaya ya gwada a jikinsa daga kafaɗa zuwa ƙafa, ya ga ya yi masa yawa, ya yi murmushi ya ce abokin naka dogo ne. Ya naɗe ya shiga da shi ɗaki.

Kwana uku na yi a tsibirin ina karɓar gaisuwa daga mutanen da ban sani ba. Na haɗa kayan Sabo, ba su cika jaka ɗaya ba. Likitan tsibirin ya zo gaisuwa ya ce mini, cikin damuwa, duk ranar da ya tambaye shi sai ya ce yau ya fi jiya. Ya ce, "Haka mutanenku suke?" Na ce haka muke.

Komawa

Hanyar da na bi ita na sake bi: kwale-kwale, dandamali, jirgin ruwa mai fukafukai, tsibiri biyu ana ɗaukar baƙi da rana ta ƙona musu fata, sannan Male, da sabon gwajin hanci, da Kolombo. A Kuala Lumpur aka wuce da mu otal aka killace mu mako guda, da abin ɗaurawa a hannu mai nuna a killace muke, ana ajiye abinci a bakin ƙofa. A ɗakin nan na rubuta yawancin abin da kuke karantawa.

Ina godiya ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Ina godiya ga hedimasta, da masuncin da ya rungume jakata, da matar tashar jirgi wadda ta yi mini tambayar da ta dace, da ladan Ibrahim, Allah Ya sa ya daɗe bai buƙaci abin da na bar masa ba. Ku kuma 'yan'uwa na gida, in wata rana wani ya tsare ku ya ce ku faɗi gaskiyar jikin mara lafiyarku don ya taimaka, ku faɗa. Ba ku ne za ku kashe shi ba.

Ranar da aka sallame ni na wuce Taman Melati kai tsaye. Hajara tana takaba, ta bayan labule muka gaisa, matan unguwa suna ciki. Na miƙa jakar Sabo, na yi mata ta'aziyya, na ba ta labarin komai, har da kujerar da na bari ta wuce. Ban rage ba. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Malam, ranar da ka zo karɓar yaji na ga ledar. Na san kantin, daga can ya kawo na Rakiya. Na so in ce ka yi sauri, bakina ya kasa. Ni ma da sauƙi na ce maka."

Can ta ce, "Yadin fa?"

Na gaya mata inda ya tsaya, da wanda Sabo yake kwance a cikinsa.

Ta ce, "Ya karɓa?"

Na ce, "Ya karɓa. Har ya gwada."

Na ji ta ja numfashi a bayan labule. Ta ce, "To shi ke nan, Malam. Ni ce shaida ranar da aka ci bashin, ni ce shaida yau. Ka biya shi."

Na sauko ta matakala, ban jira lif ba.